Idon da Ke Ganin Zafi: Tarihin Kyamarar Yaƙi, Daga Saniyar Langley Zuwa Tudun Biri

A watan Disamba na 2013, a Kaduna, shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya ƙaddamar da wani ƙaramin jirgi maras matuƙi da injiniyoyin rundunar sojan saman Najeriya suka ƙera. Sunan da aka raɗa masa shi ne Gulma. A ranar 15 ga Fabrairu 2018, a Kadunan dai, Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙanensa, wanda aka haɗa da taimakon wani kamfani na ƙasar Fotugal, aka sa masa suna Tsaigumi. Duk Bahaushen da ya ji sunayen nan sai ya murmusa, don ya san aikin magulmaci: ya leƙo, ya hango, ya kai rahoto. Ya kuma san aibinsa: yakan ga rabin abu daga nesa, ya ƙarasa sauran da zato.

Abin da ke mayar da jirgi magulmaci wata ƙwallo ce da ake ratayawa a ƙarƙashin cikinsa, tana juyawa ko'ina. A takardun masu ƙera makamai za ka ga sun rubuta mata EO/IR. Kyamarori biyu ne a cikinta. Ɗaya tana ganin irin hasken da idonka ke gani, ɗaya kuma zafi take gani. Dukkansu aikinsu ɗaya, su karɓi haske su mayar da shi siginar lantarki, sannan ya zama hoto a kan allo. Yau, mai karatu, tarihin ta biyun za mu bi, na shekara 200 da ɗoriya, muna riƙe da tambaya guda: idan na'ura ta hango mutum cikin duhu, me ta gani takamaimai, me kuma ya ɓace mata?

Launin da ke bayan ja

A shekarar 1800, wato saura shekara huɗu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel yana son sanin wane launi ne cikin hasken rana ya fi ɗaukar zafi. Ya ratsa hasken ta cikin wani dunƙulen gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu kamar bakan gizo, ya dinga ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Ya ga zafin yana ƙaruwa daga shuɗi zuwa ja. Da ya matsar da ma'aunin gaba da jan, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ashe akwai haske a wurin, idon ɗan Adam ne bai kai gare shi ba. Shi ne ake kira infirared, ma'ana na ƙasa da ja.

Kana iya ganin ɗan'uwansa yanzu-yanzu. Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka nuna kansa ga kyamarar wayarka, ka danna maɓalli. A wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa a allo, alhali idonka bai ga komai ba.

Bambancin launuka yana cikin tsawon zangon igiyar hasken, kuma ana auna shi da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idonmu yana gani daga 0.4 zuwa 0.7 ne kawai. Hasken rimot yana wajen 0.94. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da nasa hasken, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon gajartar zangon. Rana, da ke da zafin digiri wajen 5,500 a fatarta, ta fi haskawa a 0.5. Fatar jikinka, da ke wajen digiri 33, ta fi haskawa a kusan maikiromita 10. Kenan yanzu haka da kake karanta wannan kana haskawa kamar fitila, ko da an ɗauke wuta.

Saniya a nisan mita 400

Sanin akwai hasken daban, auna shi daga nesa daban. A 1878 wani Ba'amurke, Samuel Langley, ya fara ƙera na'urar da ya kira bolomita. Dabarar ba ta da wuya: siririn ƙarfen filatinom da aka baƙanta, wanda idan ɗumi ya sauka a kansa, yadda yake barin lantarki ya wuce sai ya canza kaɗan, a auna canjin. Bayan ya inganta ta, na'urar ta kai tana jin ɗumin saniya daga nisan rubu'in mil, kimanin mita 400.

Ka ɗauka an kafa na'urar Langley a gefen Kara ta Wudil daren Alhamis, jajibirin kasuwa, lokacin da shanu suka cika wurin. Allurarta za ta motsa, ta gaya maka akwai ɗumi a can. Ba za ta gaya maka ko saniya ce, ko raƙumi, ko dillali ne ya kishingiɗa, ko tukunyar mai shayi ba. Ka riƙe wannan, don duk ci gaban da ya biyo baya kokawa ce da wannan giɓi.

Akwai wani abu da yanayi ya yi wa masu wannan fasaha alfarma. Tururin ruwa da iskar kabon dayokside da ke sararin sama suna shanye yawancin infirared, amma sun bar tagogi biyu a buɗe: daga maikiromita 3 zuwa 5, da kuma daga 8 zuwa 14. Ta farko ta dace da abubuwa masu tsananin zafi kamar bututun injin jirgi. Ta biyu ta faɗa daidai kan ɗumin jikin mutum da dabba. Kusan duk kyamarar zafi da ke duniya ta ɗaya daga cikin tagogin nan take leƙe.

Lokacin da yaƙi ya karɓi ragama

A Yaƙin Duniya na Biyu ne abin ya fita daga ɗakin bincike. Jamus ta ɗora na'urorin ganin dare a kan wasu tankokin Panther, ta kuma yi ta bindigar hannu mai suna Vampir. Amurka ta yi amfani da tata a tsibirin Okinawa a 1945. Waɗannan sai sun haska fitilar infirared tukun, sannan su ga abin da ya dawo, kuma ta Amurkar ganinta bai kai mita 100 ba. Illarsu a fili take: idan abokin gaba yana da irin na'urar, kai ne ka kunna masa tocila.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce tabarau mai koren hoto da kake gani a fina-finai, wanda aka fara yaɗawa a yaƙin Biyetnam. Shi hasken wata da taurari yake ninkawa sau dubbai, ba ya ganin zafi. Ta biyu ita ce bin ɗumin da abu ke fitarwa da kansa, kuma ita ce batunmu.

A 1956 sojan ruwan Amurka suka fara aiki da makami mai linzami na Sidewinder, wanda William McLean ya jagoranci ƙera shi a China Lake da ke Kalifoniya. Sunan wani maciji ne da ke farautar ɓera ta hanyar jin ɗuminsa. Mesar da muke da ita a nan ma tana da irin waɗannan ramuka na jin ɗumi a leɓenta. An fara harba Sidewinder a fagen fama ranar 24 ga Satumba 1958, a rikicin mashigin Taiwan. Ɗaya ya maƙale a jikin jirgin MiG na Sin bai fashe ba, ya ƙare a hannun Tarayyar Sobiyet, suka kwaikwaye shi. To amma na farkon suna da wauta irin ta na'urar Langley: abin da ya fi zafi kawai suke bi. Wani lokaci sukan saki jirgi su nufi rana. Da matuƙa suka gane haka sai suka fara watsa dunƙulen wuta a bayansu, makamin ya bi wutar.

Samun hoto na sosai ya jira sinadarai. A 1959 masu bincike a Malvern ta Ingila suka haɗa makuri da kadmiyom da teluriyom, suka samu wani abu da ake iya saita shi ya ji zangon da ake so. Kamfanin Texas Instruments ya ƙera kyamarar zafi ta jirgin sama mai kallon gaba a 1963. Matsalar wannan zuri'a ita ce sai an sanyaya idon zuwa wajen digiri 196 ƙasa da sifiri, in ba haka ba ɗumin jikin na'urar zai makantar da ita, kamar mutumin da ke neman taurari da fitila a fuskarsa. Shi ya sa suke da tsada da nauyi. A shekarun 1980 kamfanin Honeywell ya koma ga dabarar Langley, ya ƙanƙantar da bolomita har dubbai suka shiga kan ɗan guntun silikon, ba sai an sanyaya ba. Gwamnatin Amurka ta cire wa fasahar sirri a 1992. Daga nan ne kyamarar zafi ta sauko hannun 'yan kwana-kwana da masu gyaran wuta, har ta kai ana maƙala ta a waya.

Duk da haka idon ya fi jirgin wahalar samu. Gilashi na yau da kullum ba ya barin zangon 8 zuwa 14 ya wuce, don haka da ƙarfen jamaniyom ake yin madubin gaban kyamarar, kuma Sin, wadda ta fi kowa samar da shi, ta sa takunkumi kan fitar da shi tun watan Agusta na 2023. A 2020 Kanada ta dakatar da sayar wa Turkiyya kyamarorin Wescam da ake ɗora wa jirgin Bayraktar TB2, sai da Turkiyya ta koma ga na kamfaninta Aselsan. Ƙasar da ta iya haɗa fiffike da inji amma take sayo ido, ba ta gama mallakar jirginta ba.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

A 1958, wani mai bincike na sojan Amurka, John Johnson, ya yi gwajin da har yau masu zana waɗannan na'urori ke kafa hujja da shi. Ya dinga nuna wa mutane hotunan motoci da tankoki da sojoji ta cikin na'urar ganin dare, yana auna yawan bayanin da suke buƙata kafin su amsa daidai. Ya raba gani hawa-hawa. Idan muka fassara sakamakonsa da ɗigon hoto, wato fiksel, a faɗin abin da ake kallo, ga yadda yake: wajen ɗigo 2 sun isa ka ce akwai wani abu a can. Kana buƙatar wajen 8 kafin ka ce mutum ne ko dabba, mota ce ko tanka. Kana buƙatar wajen 13 kafin ka tantance wane iri ne. Kuma a waɗannan adadin, rabin lokaci ne kawai mai kallo ke dacewa.

Bari mu yi lissafin tare. Kyamarar zafi mai kyau takan zo da ɗigo 640 a faɗi. A ce mai sarrafa jirgi yana kallon fili mai faɗin mita 300. Raba 300 da 640, kowane ɗigo ya ɗauki kusan rabin mita. Faɗin kafaɗar mutum idan an kalle shi daga sama wajen rabin mita ne. Kenan mutum guda ɗigo guda ne, farin tabo. Idan yana son ɗigo 13 a kan mutumin, dole kowane ɗigo ya zama wajen santimita 4, filin da yake gani ya tsuke zuwa mita 25. Yanzu yana ganin mutumin, amma ya daina ganin masallacin da ke gefe, da tabarmin da aka shimfiɗa, da yaran da ke wasa a bayan gida. Leƙe ne ta kafar makulli. In ya buɗe ya ga gari, bai san kowa ba. In ya tsuke ya ga mutum, ya rasa garin.

Ƙari a kan haka, hoton zafi ba shi da launi, ba shi da rubutu, ba shi da sauti. Kaki da shadda duk ɗaya ne. Sandar makiyayi a kafaɗa da bindigar da ba a harba ba, daga nesa dukkansu siririn layi ne. Ba ya ratsa bango, ba ya ratsa kwanon rufi, ba ya ratsa ruwa, duk da abin da fina-finai ke nunawa.

Yanayinmu ma yana da nasa sharrin. Kyamarar bambanci take gani tsakanin ɗumin abu da na abin da ke bayansa. A asubahin hunturu mutum kan fito fes a kan ƙasa mai sanyi, kuma zangon mai tsawo ya fi hasken ido ratsa siririyar ƙurar hazo. Amma a watan Afrilu a Kano, da iska ke kai digiri 40, ƙasa takan fi jikin mutum zafi da rana, katangar laka kuma ta kwana tana amayar da abin da ta sha. Sau biyu a yini, bayan fitowar rana da wajen faɗuwarta, ɗumin abubuwa kan zo daidai da juna, hoton ya dushe.

Inda kuskuren ya ci rayuka

A yaƙin Tekun Fasha na 1991, tankokin Amurka sun riƙa hango na Iraƙi cikin dare da hayaƙi tun kafin a san da zuwansu. Amma cikin sojojin Amurka 148 da suka mutu a fagen fama, 35 'yan'uwansu ne suka kashe su bisa kuskure. Maganin da suka ɓullo da shi bayan yaƙin abin lura ne: wasu allunan da ake liƙa wa motocinsu, waɗanda ke fitowa da sanyi a idon zafi. Wato alama da yarjejeniya, don mai kallo ya san nasa.

Shekara 30 bayan haka, ranar 29 ga Agusta 2021, jiragen Amurka marasa matuƙi sun shafe wajen awa takwas suna bin wata farar mota a Kabul, sannan suka harbe ta. Mutum 10 suka mutu, 7 yara ne. Direban ma'aikacin agaji ne, abin da ya loda kuma jarkokin ruwa. Amurka da kanta ta amsa kuskuren. Wannan fa da kyamarorin da suka fi na kowa.

Mu dawo gida. Ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann da ke jihar Borno, sama da mutum 100 suka rasu. Da rana tsaka ne, duhu ba shi da laifi. Binciken hedikwatar tsaro ya ɗora abin a kan rashin sanya sansanin a taswirar aiki. Wannan hari yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin jiragen Super Tucano 12, kafin gwamnatin Trump ta amince. Shida na farko a Kano suka sauka, ranar 22 ga Yuli 2021, kuma cikin abin da ake yabon jirgin da shi har da wannan ƙwallo ta gani dare da rana.

Sai daren 3 ga Disamba 2023. Mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna suna taron Mauludi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bam, bayan ɗan lokaci ya ƙara na biyu a kan masu kwasar gawa. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya aƙalla mutum 85, da yawansu mata da yara. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri. Bayanin da rundunar ta bayar shi ne masu sintiri ta sama sun hango taron mutane, suka fassara motsinsu a matsayin irin na 'yan bindiga. A watan Mayu na 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja.

Ka auna wannan bayani da matakan Johnson. An hango. An san mutane ne. Matakin ƙarshe, su wane ne kuma me ya tara su, zato ne ya cike shi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan kam karin maganar bai yi aiki ba. Wanda ke tsaye a ƙasa, ko daga bayan gari, kunnensa zai jiyo masa sautin taron Mauludi. Mai unguwa ya san da taron tun kafin ranar. Abin da kiran waya ɗaya zai warware, ɗigo 640 ba su warware shi ba.

Abin da ya shafi Wudil

Wudil na da nisan kilomita 40 ko makamancin haka daga Kano, kuma ta haɗa abubuwa uku da ba kowane gari ke da su ba. Akwai makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, wadda ta tare a matsuguninta na dindindin a 1996. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta fara aiki a 2001 da sunan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano. Akwai kuma Kara, inda makiyaya da fatake ke kwararowa kowane mako, wasu cikin dare. Wato ga waɗanda gobe za su zauna gaban allon, ga waɗanda za su iya fahimtar cikin na'urar, ga kuma waɗanda ake kallo daga sama.

Ɗalibin kimiyyar lissafi da makamashi ko injiniyan lantarki ba ya buƙatar jirgin yaƙi kafin ya taɓuka wani abu. Da ƙaramar kyamarar zafi ta waya da ma'aunin zafi, zai iya bin watanni 12 yana rubuta sa'o'in da hoto ke dushewa a kan yashin bakin kogin Wudil, da gonar gero, da kwalta. Zai iya tara hotunan yadda garken shanu, da 'yan kasuwa a kan babura, da taron biki ke fitowa a idon zafi, da izinin masu abin. Wannan yana da muhimmanci yanzu da ake koya wa kwamfuta tantance hoto da kanta, don kwamfuta abin da aka nuna mata kawai ta sani. Wadda ba ta taɓa ganin Bafulatani da sandarsa ba, da me za ta kwatanta shi? Kyamarar nan dai ita ce za ta nuna taransifoma mai shirin ƙonewa, da farantin sola da ya lalace, da saniya mai zazzaɓi a cikin garke.

Kai kuma mai karatu, matsalar tsaron da ta sa ake sayen waɗannan na'urori gaskiya ce, kuma idon zafi ya taimaka wajen gano maɓoyar masu garkuwa da ceton mutane. Amma duk ranar da ka ji an ce an sayo jirgi mai gani har cikin duhu, ko an ce an hango 'yan ta'adda an yi musu luguden wuta, kana da damar yin tambayoyi uku. A wane mataki aka gan su, hange ne ko tantancewa? Wa ya tabbatar daga ƙasa kafin a danna? In kuma an yi kuskure, ina rahoton binciken, kuma me aka canza bayansa?